Amsa ga mai neman jita a Jidda: shagon da ya hana ka taɓawa kar ka ba shi kuɗinka

Wa alaikumus salam ƙanena. Naga tambayarka, kace kana aiki a Jidda, ka tara wajen riyal 800 kana son sayen jita ta katako wadda ba ta lantarki ba don ka fara koyo, ka shiga shago biyu, na farko mai shagon yace ba a taɓawa sai an biya, na biyu kuma yaron shagon ya dinga tura maka wata mai arha haɗe da jaka da tarkace wai kyauta, yana cewa rangwamen na yau ne kaɗai, shine kake tambaya ko ka haƙura da shaguna kawai kayi oda ta intanet. Ni gyaran jita da saita ta shine sana'ata a garin nan, da yamma kuma ina ɗan koyar da masu farawa, don haka irin waɗannan jitocin da ake sayowa a gurguje a hannuna suke ƙarewa. Maganar hukuncin kiɗa ba ita ka tambaya ba, wannan ta malamai ce, ni a kan ciniki zan tsaya.

A taƙaice duk shagunan nan biyu basu cancanci kuɗinka ba, amma fa kar ka ruga intanet tukuna. Jita katako ce da gam da tsirkiya, guda biyu samfuri ɗaya daga kamfani ɗaya da suka zo a kwantena ɗaya zaka samu ɗaya tana da laushin dannawa ɗayar tana yanka yatsa, kuma babu hoton da zai nuna maka wannan. Ai ko ragon layya ba ka saye daga nesa sai ka dafa bayansa kaji. To wanda yace maka ba a taɓawa ya riga ya gaya maka yadda zai karɓe ka ranar da ka dawo da ƙorafi.

Amma gaskiya ka ɗan fahimci dalilinsu, zai taimake ka wajen mu'amala dasu. Kasuwar kayan kiɗa a fili ba ta daɗe da buɗewa haka ba a ƙasar nan, hukumar nishaɗi a 2016 aka kafa ta, hukumar kiɗa da ke ƙarƙashin ma'aikatar al'adu kuma a 2020, daga nan ne masu koyo suka yawaita shaguna suka ƙaru, amma ma'aikatan da suka san kayan basu ƙaru daidai da haka ba. Da yawansu ud, wato garayar Larabawa, suka sani da fiyano na lantarki, in ka tambaye su ud zasu yi maka bayani har ka gaji, jita kuwa kaya ne kawai a rataye da farashi a jiki. Ga kuma samari da suke shiga a gungu daren Alhamis su ɗauki mai tsada su karce ta da bel ko zif ɗin riga su ɗauki bidiyo su fita ko tsirkiya ɗaya basu saya ba, wannan yasa wasu masu shago suka zama masu tsaurin ido ga kowa. Sannan akwai ɗaya abin da duk mun sani, wani lokaci kallon da ake maka daga bakin ƙofa na fatarka ne, an riga an yanke cewa baka da kuɗin. Yana faruwa, ba zan ce maka baya faruwa ba, amma ba ko yaushe bane shine dalili, kuma ko shine ɗin maganinsa ɗaya ne, ka fita ka shiga wani, Jidda ba shago biyu gareta ba.

Kaje ranar aiki bayan la'asar lokacin da babu cunkoso. Ka yanke farcen hannun hagu kafin ka fito, ka cire makullai da agogo a gaban mai shagon ya gani, kayi sallama, sannan maimakon kace ina son jita mai kyau, ka kira sunan samfuri. Kace kana son ganin Yamaha F310 da FG800, ko Cort AD810, ko Fender CD-60S, kace a saita maka su a baka kujera. Wallahi da zarar ka kira suna da lamba zakaga fuskar mutum ta canza, don ya gane ba yawo ya kawo ka ba. In duk da haka yace a'a to ka masa godiya ka tafi, ba sai anyi cacar baki ba.

Akwai tambaya ɗaya da nake auna mai sayarwa da ita. Ka nuna jita mai tsirkiyar roba, irin Yamaha C40, ka tambaye shi ko zaka iya saka mata tsirkiyar ƙarfe nan gaba. In yace mafi mushkila, wato babu matsala, ka san ko dai bai san aikin ba ko bai damu da kai ba. Tsirkiyar ƙarfe wadda ake rubuta 12-53 a kwalinta, wato lambar kaurinta, tana jan jikin jita da nauyin da ya haura kilo 70, ta roba kuwa wajen kilo 40 ne, kuma yawancin masu tsirkiyar roba babu sandar ƙarfe a cikin wuyansu, to in ka ɗaura mata ƙarfe wuyan zai lanƙwashe ko jakin da tsirkiyoyin suke ɗaure a kai ya ɗago daga jikin. Mai shago na kirki shi zai fara tambayarka wane irin kiɗa kake son yi, don ta roba tafi sauƙi a yatsa amma wuyanta yafi faɗi, milimita 52 ne a sama, ta ƙarfe kuma wajen 43, sautinsu ma ba ɗaya ba. In irin kiɗan da kake ji a waƙoƙin zamani kake so mai ƙara da tsaki-tsaki, ta ƙarfe kake nema, ciwon yatsa na 'yan makonni ne ya wuce.

Yanzu ga abin da zaka duba da hannunka, kuma nan ne nake so ka fi maida hankali don shine zai sa ko mai shagon bai san komai ba bazai cuce ka ba. Na farko tsayin tsirkiya daga wuya. Ka ƙirga ƙarafunan da ke kwance a wuyan har na 12, galibi akwai ɗigo biyu a wajen. Ka fito da katunan aljihunka, iƙama da katin banki na mada da wani guda, kowane kati kaurinsa milimita 0.76 ne, ukun a haɗe sun kai kusan 2.3. Ka zura su tsakanin ƙarfe na 12 da tsirkiya mafi kauri. In sun shiga suna ɗan gogar tsirkiyar to madalla, don abin da ake so a ta ƙarfe wajen milimita 2.5 ne a mai kauri, 2 ko ƙasa kaɗan a siririyar. In kati huɗu sun shige har da sauran fili to tayi sama da yawa, kuma irin wannan ce take sa mai koyo ya ajiye jita bayan wata ɗaya yace shi bashi da baiwa, alhali kayan ne. Ta roba ita dama tafi tsayi, wajen 4 da 3, kar ka auna ta da wannan ma'aunin.

In ka samu tayi sama kar ka yanke hukunci tukuna, ka kalli farin abin nan siriri da tsirkiyoyin suke hawa a kan jaki. In ya fito sosai sama da katakon, akwai abin da za a goge a rage, gyara ne na ɗan lokaci. In kuma ya riga ya nutse kusan daidai da katakon amma duk da haka tsirkiya tana sama, to kusurwar wuyan ce ta lalace, gyaran ya fi kuɗin jitar, ajiye ta ko da rabin kuɗi aka bar maka. Mai shago zai iya ce maka ai za a ɗaure sandar wuya ta sauko. Sandar nan aikinta daidaita lanƙwasar wuya ne kawai, ba ita ke gyara kusurwa ba, na sha karɓar jitar da aka murɗa sandarta har kan goron ya cinye saboda wannan maganar.

Sai ka ɗaga ta ka kalli wuyan daga kai zuwa jiki da ido ɗaya, kana neman murɗewa ko tudu. Ka danna tsirkiya mai kauri a ƙarfe na 1 da na 14 lokaci guda, ka kalli wajen na 7, ya kamata kaga ɗan fili kaɗan, ƙasa da rabin kaurin kati ɗaya. Ka bi kowace tsirkiya ka danna gida-gida daga sama har ƙasa kana kaɗawa, kana sauraron zizar ƙarfe ko gidan da sauti ya mutu, eh zai ɗauki minti goma kuma yaron shagon zai fara kallon agogo, kai dai ci gaba. Ka shafa gefen wuyan da tafin hannu, in bakin ƙarafunan yana kartar ka alama ce katakon ya bushe ya tsuke. Ka sauke manhajar saita jita a wayarka tun a gida, akwai na kyauta da yawa, ka saita tsirkiya a sake, wato ba tare da ka danna ta ba, sannan ka danna ta a na 12, harafin da manhajar ta nuna dole ya zama ɗaya kuma allurar kar tayi nisa da tsakiya. Jitocin nan na kyauta-da-jaka a nan suke faɗuwa, a sake daidai, kana hawa wuya sai ta fara ƙarya.

Daga nan ka yagi gefen takarda ka gwada zura ta ƙarƙashin jaki ta baya. In ta shige ko kaɗan ne gam ya fara saki. Ka kunna fitilar waya ka leƙa cikin ramin, ka ga takardar kamfani da lambar jitar, ka ga ko gam ya zuba ko'ina, ka ƙwanƙwasa fuskar a hankali da bayan yatsa wuri-wuri, in kaji wani wajen yana karkarwa to ɗaya daga itatuwan da suka tokare ta a ciki ya saki. Makullan saiti kuma ka murɗa kowanne gaba da baya, kar ya zama yana juyawa a banza kafin tsirkiya ta motsa.

To bayan duk wannan wahalar ga inda ake kama mutane da yawa. Ka zaɓi wadda ta maka, ka biya, sai yaron ya shiga sito ya fito maka da kwali a rufe yana murmushi wai ga sabuwa dal ba wanda ya taɓa. Shi a ganinsa ma alheri ya maka. Kar ka yarda, wadda ka gwada ita ka saya. In kuma kafi son ta kwalin to a buɗe ta a gabanka a saita ta ka sake bin duk abin da na lissafa. Akwai wani shago da nake tura ɗalibaina, mutumin ciki dattijo ne ba shi da fara'a ko kaɗan, ko shayi bai taɓa cewa in sha ba, amma in ka zaɓi jita zai karɓe ta ya kwantar a tebur kan tsumma, ya ɗauko ɗan rula na ƙarfe ya auna, in bata masa ba ya cire farin abin nan ya goga a takardar yashi ya mayar, ya rubuta lambar jitar a fatura, wato rasit, da hannunsa. Wani shagon kuma ƙamshin turare da gahawa da lale marhabin, amma ka koma da matsala sai ace mudir, wato manaja, baya nan. Ni dai na san inda nake kai kuɗina.

Game da samfuri, da riyal 800 ɗinka. F310 fuskarta katako ne mai hawa-hawa da aka manna, FG800 da CD-60S fuskarsu katakon sifrus ne guda, shi yasa sautinsu yafi cika kuma sukan fi tsada. Kowa zai ce maka sayi mai katako guda, kuma a wajen sauti gaskiya ne, amma ka duba inda kake zaune. Kamfanoni irin Taylor da Martin suna cewa a ajiye jita inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Jidda waje laima ce mai yawa, fuskar jita ta kumbura tsirkiya ta tashi sama tayi tsatsa da wuri, cikin ɗaki kuma mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki dare da rana yana busar da iska, to katakon yana ta kai da komo. Riyad kuwa bushewa ce zalla, da zafi danshin yana sauka ƙasa da kashi 20, a nan katako guda yake tsagewa in ba a kula ba. Mai hawa-hawa tafi jure duk wannan. In ɗakin haya kuke ku huɗu ko biyar, babu inda zaka ajiye ta sai jikin bango, ni F310 ko AD810 zan ce ka ɗauka ka sa ragowar kuɗin a jaka mai soso da saiti. Kuma dan Allah kar ka taɓa barin ta a mota da rana ko na awa ɗaya ne, gam ɗin yana laushi da zafi, tsirkiya na ja, sai dai ka dawo ka tarar jaki ya ɗaga baki. Garantin kamfani baya ɗaukar ɓarnar zafi ko ta bushewa, wannan a kanka take.

Farashi kuma ga yadda zaka gane ko an zuga maka. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, ka duba kuɗin samfurin a Amurka ka ninka, ka ƙara harajin kashi 15 da ake karɓa tun Yulin 2020. Misali abin dala 200 ya zama riyal 750, da haraji 862 da rabi, sai ɗan abin da dila zai ɗora na jigila da riba. In kaga ya ninka wannan an yi maka tsada, in kuma kaga Martin ko Gibson sabuwa a kuɗin da bai kai na Yamaha ƙarama ba to jabu ce, ba sa'a kayi ba. Farashin da aka liƙa a jikin kaya ya kamata ya zama har da harajin a ciki, kar a zo wajen biya a sake ɗora maka.

Kar ka fita ba fatura, ko da ance za a rage maka in ka haƙura da ita. Tun Disambar 2021 fatura ta na'ura ce ta zama dole ga masu rajistar haraji, zakaga ɗan murabba'in nan da ake ɗauka da waya a jiki. Ka tabbata an rubuta sunan samfurin ba wai jita kawai ba, ka ɗauki hotonta nan take don rubutun irin takardar nan yana gogewa. Ka tambayi daman, wato garanti, wata nawa ne, wa ke gyarawa, shagon ko wakilin kamfani, sannan ka nemi ganin ƙa'idarsu ta mayarwa da canji a rubuce ka ɗauki hotonta ita ma. Rubutun nan na kayan da aka sayar ba a mayarwa ba a canzawa ma'aikatar kasuwanci ta hana shi, in kaya yana da aibi haƙƙinka ne a karɓa. Amma ka bambance, aibi daban, na canza ra'ayi daban, na biyun ya danganta da ƙa'idar shagon. In an ƙi sauraronka akwai lambar ma'aikatar 1900 da manhajarsu ta Balagh Tijari, kuma sau da yawa ambatonta kawai cikin ladabi ya isa mudir ya bayyana.

Intanet ɗin da ka tambaya ba haramun bane, musamman ga wanda yake garin da babu shagon kirki. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta baka kwana 7 daga ranar da ka karɓi kaya ka mayar muddin baka yi amfani dashi ba, kuma in an wuce kwana 15 ba a kawo ba kana iya fasawa. A Amazon da Noon ka duba waye ainihin mai sayarwar don 'yan kasuwa daban-daban ne a ciki, ka ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwalin, kar ka yar da kwalin ko ka cire ledoji sai ka gama dubawa a ranar. Matsalar dai ita ce kwalin ya sha zafi a bayan motar kawo kaya kuma babu wanda ya saita ta, don haka ka ware kuɗin mai gyara a lissafinka. A Haraj kuma, shafin da mutane ke sayar da kayan da suka yi amfani dasu, ana samun abin mamaki, mutane da yawa sun saya da zumuɗi sun ajiye ƙarƙashin gado, amma can babu fatura babu daman, kar ka tura ko riyal ɗaya kafin ka gani, ku haɗu inda akwai haske ka bi gwajin katunan nan da na takarda.

Wajen ciniki kuma, Bahaushe baya saye bai taya ba na sani, ka tambayi akhir kam ɗinka, wato nawa ne na ƙarshe. Sai dai a manyan shaguna ragin ba ya da yawa, abin da yafi riyal 30 ɗin da zasu cire maka shine kace a sa maka sabbin tsirkiyoyi, don na jikin ƙila sun shekara a rataye suna shan laimar Jidda, kuma a rubuta maka a bayan fatura cewa zaka dawo da ita bayan sati biyu ko uku a sake duba saitin kyauta, lokacin katakon ya saba da ɗakinka. In zasu canza tsirkiyar kace a sa maka masu lambar kauri 11 ko ma 10 maimakon 12, sun fi laushi ga mai farawa, sai a sake duba wuyan bayan an ɗaura su don jan ya ragu. Tarkacen kyautar nan kuwa, ɗan robar kaɗawa biyu ko uku ya ishe ka, masu kauri daban-daban, ka gwada kaji wanda ya zauna maka a hannu.